Warin Dettol na neman raba ni da dangin mijina

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Zariya, 'ya'yana uku, ina ɗinki a gida. Shekara biyu ke nan da rasuwar Innarmu. Ciwon ƙoda ne, ni na yi jinyarta wata huɗu a asibiti. Daren da ta cika ta ce tana son ruwan zafi, na ɗauki filas na fita nema. Ina dawowa ta baranda, mai shara tana goge ƙasa da Dettol, sai wayata ta yi ƙara, ƙanena ne yake cewa in yi sauri. Kafin in shiga ɗakin rai ya yi halinsa.

Na yi kuka, na yi haƙuri kamar kowa. Amma har yau barandar nan ba ta rabu da ni ba. Ina cikin taka keke, ko wanke-wanke, ko ma salla, sai kawai in gan ni a wurin, filas a hannu, gabana yana faɗuwa. Ba ni nake kiran tunanin ba. In ya zo sai in rasa inda nake. Na sha zuba gishiri sau biyu a miya, ina manta raka'a ta nawa nake, kwanaki na ɓata atamfar wata amarya wajen yanka, sai da na biya. Abin da ya fi ci mini rai, ranar nan babbar 'yata mai shekara tara ta zuba Dettol a ruwan goge ɗaki, ban san lokacin da na kai mata mari ba. Sai daga baya na gane warin ne.

Yanzu ƙanwar maigidana ta haihu, aiki aka yi mata, ta kwana biyar a asibiti. Sau biyu ina hawa adaidaita don in je dubiya, in mun iso ƙofar asibitin sai in ce wa direban ya wuce. Har aka sallame ta ban je ba, kunya kuma ta hana ni zuwa gidan. Dangin miji sun ce wulaƙanci ne. Hajiya, uwar mijina, ta ce ai ba a kaina aka fara rashin uwa ba, rashin tawakkali ne kawai. Maƙwabciyata ta ce iska ce, a nemo mai ruƙiya. Maigidan bai san komai ba, sai dai ya ce na canza.

Anti, hauka ne yake neman kama ni? Ko imanina ne ya yi rauni? Yaya zan yi in daina tunawa?

Ƙanwarki, daga Zariya

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Allah ya jiƙan Inna, ya sa ciwon da ta sha ya zama kaffara, ke kuma ya ba ki ladan jinya.

Tambayoyinki biyu na farko amsarsu ɗaya ce: a'a. Wadda ta san barandar ba ta gabanta da gaske, ta gano da kanta cewa wari ne ya tayar mata da hankali, ta zauna ta tsara wasiƙa irin wannan, hankalinta yana jikinta. Ta ukun kuwa ba ni da maganinta, kuma duk wanda ya ce miki yana da shi, ki riƙe kuɗinki. Ba a goge dare irin wannan daga zuciyar mutum. Abin da ake iya yi shi ne a rage masa ƙarfi, ya daina faɗo miki kamar yanzu yake faruwa, ya koma cikin sauran abubuwan da suka wuce. Wannan kuwa yana yiwuwa, kuma mutane da yawa sun samu.

Tunanin da yake zuwa ba a kira shi ba, kowa yana da shi, kullum. Ƙamshin ƙosai da safe ya tuno wa mutum ƙofar makarantar firamarensu, tsohuwar waƙar biki ta tuno masa ranar da aka kai wata ƙawa ɗakin miji. Ba ma lura ne don yawancinsa ba ya ciwo. Wata malama a jami'ar Aarhus ta ƙasar Denmak, Dorthe Berntsen, tun 1996 take bin diddigin abin, tana sa mutane su riƙa rubuta duk wani tunanin baya da ya faɗo musu cikin yini. A binciken da ta fitar da wata abokiyar aikinta a 2011 an ba mutane ɗan abin ƙirga suna dannawa, sai aka ga abin da mutum yake tunawa ba da niyya ba ya ninka wanda yake tunowa da gangan wajen sau uku. An kuma ga cewa galibi akwai abin da ya taɓo shi, ko wari, ko sauti, ko wuri, ko wata magana da aka yi, kuma ya fi zuwa a lokacin da hannu yake aikin da ya saba, kai ba shi da abin yi. Taka keke da wanke-wanke da kika ambata su ne ainihin irin wannan lokacin. Har salla tana iya shiga ciki, in mutum yana karanta surar da ya haddace tun yana ƙarami, harshe na tafiya shi kaɗai.

Maganar imani kuwa, ki riƙe wannan. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Nana A'isha cewa wata rana Hala 'yar Khuwailid, 'yar'uwar Nana Khadija, ta zo ta nemi izinin shiga wurin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam. Da ya ji yadda ta nemi izinin sai ya tuna irin na Khadija, abin ya motsa shi, ya ce: Allahumma, Hala! Wannan fa shekaru ne bayan rasuwar Khadija, kuma sautin murya ne kawai a bakin ƙofa. Ranar da ɗansa Ibrahim yake kan gargara idanunsa sun zubar da hawaye, har Abdurrahman ɗan Aufu ya ce, har kai ya Manzon Allah? Ya ce masa rahama ce, ido yana zubar da hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗar sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Babu mai tawakkalin da ya kai shi. Saboda haka zuwan tunanin da faɗuwar gaban ba ma'aunin imani ba ne. Abin da ake duba wa mutum shi ne abin da ya faɗa da abin da ya aikata bayan tunanin ya zo, kuma a nan ne ni da ke muke da aiki.

Kin lura cewa ba gawar Inna kike gani ba, ba wanka ba, ba ɗaukar makara ba? Baranda kike gani, da filas, da mai shara. Wasu masana biyu a Ingila, Anke Ehlers da David Clark, waɗanda aikinsu na shekarar 2000 ya zama ginshiƙin yadda ake jinyar mutanen da firgici ya bar wa tabo, sun ga irin wannan a wurin majinyata da yawa: abin da yake dawo wa mutum sau da yawa shi ne abin da ya gani ko ya ji daf da mafi munin lokacin. Wanda ya yi karo da mota gaba da gaba cikin dare, fitilun motar da ke tunkaro shi ne suke dawo masa. Ƙwaƙwalwa ta ɗauki abin da ya gabaci musiba ta mayar da shi alamar gargaɗi, don in ta sake ganinsa ta ankarar da kai da wuri. Ai mu ma mun ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu zai yi. Taki ƙwaƙwalwar ta rubuta cewa bayan warin Dettol da ƙarar waya mutuwa ce take biyowa, kuma a rubuce yake da kyau, domin sinadaran da jiki yake zubowa lokacin firgici, irin su adirenalin, suna sa abin da ya faru a wannan lokacin ya zauna daram.

Wari kuma yana da nasa sha'anin. Abin da ido ya gani da abin da kunne ya ji sai sun fara bi ta wani sashe a tsakiyar ƙwaƙwalwa kafin a rarraba su. Saƙon hanci ba ya bi ta nan tukuna, hanyarsa gajeriya ce zuwa amigdala, sashen da ke kula da tsoro, da kuma maƙwabtansa masu ajiye abin da ya wuce. Shi ya sa jiki yake iya amsawa kafin hankali ya san dalili. Zuciya ta buga, hannu ya yi sanyi, rai ya ɓaci, ba tare da wani hoto ya zo ba. Mutum sai ya waiga neman abin da ya ɓata masa rai, ya ɗora wa duk wanda ke kusa.

Ranar nan 'yarki ce a kusa. Na bayyana miki yadda abin ya faru, amma ba zan wanke ki ba, kuma na san ba wanki kika zo nema ba. Yarinyar nan aiki take taya ki, ta sha mari, kuma har yanzu ba ta san laifinta ba. Yaro in bai san dalili ba shi yake ƙirƙiro wa kansa, kuma wanda yake ƙirƙirowa kusan kullum shi ne Mama ba ta sona, ko ni ce ba na iya komai. Ki kira ta ku biyu kawai. Ki ce mata ranar nan ba ki yi laifin komai ba, warin ne ya tuna mini asibitin da kakarku ta kwanta, raina ya ɓaci, na huce a kanki, ki yi haƙuri. Na san a gidajenmu uwa ba ta cika ba 'ya haƙuri ba, ana ganin zubar da girma ne. Ni ban taɓa ganin girman da ya zube ta wannan hanyar ba. Shekara tara ta isa ta fahimta, kuma ita ma kakarta ce ta rasu. Daga yanzu kuma ki kafa wa kanki doka ɗaya: duk lokacin da kika ji ranki ya ɓaci nan take ba ki ga dalili ba, ki bar wurin kafin ki buɗe baki. Ki shiga banɗaki, ki watsa ruwa a fuska, ki tambayi kanki me na ji, me na shaƙa, me na gani yanzun nan.

Gishiri sau biyu da atamfar amarya kuwa lissafi ne mai sauƙi. Abin da kai yake iya riƙewa a lokaci guda yana aiki da shi kaɗan ne ƙwarai, bai wuce abu uku zuwa huɗu ba. Kin riƙe awon kafaɗa, da na ƙugu, da inda zanen atamfar ya fuskanta, sai baranda ta shigo da ƙarfinta. Dole wani abu ya faɗi, kuma awon ne zai faɗi, domin ƙwaƙwalwa tana fifita abin da ta ɗauka haɗari ne a kan komai. Amma ina zaton ba lokacin da tunanin ya zo kaɗai kike asarar hankalinki ba. Akwai wanda kike kashewa wajen tsaron kada ya zo, kuma wannan yini guda kike biyansa.

A 1987 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Daniel Wegner, ya tara mutane ya ce kowa ya yi minti biyar kada ya tuna farin beyar, dabbar nan ta ƙasashen ƙanƙara, in kuma ta faɗo masa ya kaɗa ƙararrawa. Ƙararrawa ta yi ta kaɗuwa. Da aka sake su aka ce yanzu ku tuna ta, waɗanda aka fara hanawa sun fi tuna ta fiye da waɗanda ba a taɓa hanawa ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: kafin ki tabbatar ba kya tunanin abu, sai wani sashe na kanki ya riƙa leƙawa yana duba ko ya zo, leƙen nan kuwa shi kansa tunawa ne. To duk mai ce miki ki cire abin a ranki, da kyakkyawar niyya yake faɗa, amma aikin da yake ba ki shi yake ƙara wa abin ƙarfi. In ya zo, ki bar kokawa da shi. Ki tsayar da keke, ki ce a ranki ga tunanin daren nan ya zo, ki yi wa Inna addu'a, ki dafa teburin da ke gabanki ki ji shi a tafin hannunki, ki ja numfashi ki sake shi a hankali. In ba a yi dambe da shi ba, yakan taso ya lafa cikin 'yan mintuna.

Kafin abin ya yi sauƙi, ki kare sana'arki. Kada ki riƙe awo a ka, ki rubuta a littafi, ki zana da alli a jikin yadin, ki sake aunawa kafin almakashi ya taɓa. Yanka ki yi shi a lokacin da kika fi samun natsuwa, in tunanin ya zo kina cikin yi, ki ajiye almakashin har ya wuce. Gishiri ki auna shi a ɗan murfi tun kafin ki ɗora tukunya, in murfin babu komai kin san kin zuba. Salla kuma addini bai bar mai rafkanwa haka ba. Wanda ya yi shakkar raka'a yana gini a kan abin da ya tabbatar, ya yi ba'adi. Wanda kuma shakka ta zame masa jiki, kullum sai ta zo, littafin fiƙihun nan, Risala, ya ce ya yi watsi da ita, ya yi sujada bayan sallama kawai. Ki tambayi malamar Islamiyyarku wanne ne naki. In kina canza surorin da kike karantawa, kina ɗauko waɗanda sai kin natsu kike iya kawo su, za ki ga kai ya rage samun sararin tafiya.

Yanzu ga abin da ba ki rubuta ba, amma ina jin sa a ƙarƙashin kowane layi na wasiƙarki: da ban fita ba. Wata huɗu kina gefen gadon nan, kina juya ta, kina wanke ta, kina kwana a tabarma, sai a 'yan mintunan da kika ɗaga ne ta tafi. Ina ganin wannan ne ya sa barandar ta ƙi tsufa. Tunanin da yake ɗauke da hukunci a kan mai shi, irin na yi sakaci ko na bar ta ita kaɗai, ba ya kwanciya sai an taɓa hukuncin. A irin jinyar da Ehlers da Clark suka tsara, ana neman wurin da ya fi zafi a cikin abin da ya faru, a tambayi mutum me wannan lokacin yake nufi a wurinsa, sannan a kawo abin da ya sani yanzu a haɗa da shi. Matsalar ita ce matar da ke tsaye a baranda da filas ba ta san abin da kika sani yau ba. Ita a tsaye take har yanzu, wayar na ƙara.

To me kika sani yau? Kin san ba yawo kika fita ba, Inna ce ta aike ki, kuma abu na ƙarshe da kika yi mata a duniya shi ne bin umarninta. Kin san ba ita kaɗai ta cika ba, ɗanta yana wurin, shi ya kira ki. Kin san ciwon da ya kwantar da mutum wata huɗu ba zamanki a ɗaki ne zai tare shi ba, kuma ajali ba ya jiran a dawo daga ɗebo ruwa. Hadisin da Muslim ya ruwaito ya hana mu cewa da na yi kaza da kaza ya faru, ya ce mu ce Allah ne ya ƙaddara, abin da ya so shi ya aikata. Mutane sukan karanta wa mai makoki wannan kamar tsawa. Ni sauke kaya nake gani a cikinsa: ba a ɗora miki riƙe ran kowa ba. Waɗannan abubuwan ki rubuta su da hannunki a takarda, ki ajiye a aljihun keke. Duk sanda barandar ta zo, ki karanta su a lokacin, tana nan, domin a lokacin ne suke shiga inda ake so su shiga.

Sannan, kin taɓa zama da ƙanenki kin tambaye shi abin da ya faru a cikin ɗakin? Ina zaton ba ki taɓa ba, iyalai da yawa ba sa yi. Naki labarin a bakin ƙofa ya tsaya, abin da ke bayan ƙofar kuwa zuciya ce take cike shi da mafi munin abin da za ta iya. Ki tambaye shi: me ta ce, ta yi kalmar shahada, ta sha wahala, ta ambace ni? Wataƙila wata amsar ta yi ciwo. Duk da haka abin da aka sani yakan fi sauƙin ɗauka a kan abin da ake ƙiyastawa, kuma mai yiwuwa shi ma shekara biyu ke nan yana ɗauke da nasa rabin bai samu wanda zai ba ba.

Ki kuma ware lokacin da ke za ki je wa tunanin da ƙafarki, maimakon kullum shi ya zo miki. Kwata na awa bayan la'asar, misali, ki rubuta abin da ya faru daren nan daga farko har ƙarshe, har wanka, har jana'iza, har kwanakin zaman makoki. Wani masani, James Pennebaker, ya gwada irin wannan rubutun a 1986, minti 15 kullum har kwana huɗu a jere. Ba kowa yake yi wa amfani sosai ba, kuma ranar farko rai yakan ƙara ɓaci kafin ya lafa, amma ba ya cin ko kwabo. In kin gama da daren, ki koma baya. Inna ta yi shekaru masu yawa kafin ta kwanta ciwo. Miyar da ta fi iyawa, faɗan da take yi muku, abin da ta ce miki ranar da za a kai ki. Wata huɗun nan sun danne duk wannan, sai kin tono su da gangan, ke da 'yan'uwanki da yaranki, kafin su ma su fara zuwa da kansu.

Dettol kuwa ba za ki ƙaurace masa har abada ba. Ki sayi ƙaramar kwalba. Da hantsi, rana tana waje, da wani babba a kusa da ke, ki ɗiga kaɗan a kwano da ruwa ki zauna kusa. Gabanki zai faɗi, ki sa ran haka. Ki buɗe ido, ki riƙa faɗa da baki abin da ya bambanta yau da wancan daren: can dare ne, yanzu hantsi, can baranda ce, nan tsakar gidana, can filas ne a hannuna, yanzu babu, ga kukan awakin maƙwabta, ga shanyar da na yi. Ki zauna har bugun zuciyar ya ɗan sauka, sannan ki zubar. Gobe ki sake. Abin da kike koya wa kanki shi ne warin yana iya zuwa ya tafi ba wanda ya mutu. In kika ga abin ya fi ƙarfinki, kina rawar jiki ko kina ganin kamar kin bar ɗakin gaba ɗaya, ki dakata, wannan sai tare da likita.

Dalilin da ya sa na matsa a kan wannan shi ne ƙofar asibitin nan. Lokacin da kika ce wa mai adaidaita ya wuce, kin ji sanyi a ranki, ko ba haka ba? Sanyin nan shi ne tarkon. Kanki ya ɗauka gudun ne ya cece ki, gobe zai nemi ki gudu tun daga nesa. Haka abin yake faɗaɗa: yau ƙofar asibiti, gobe titin, jibi gidan duk wanda ba shi da lafiya. Uwar 'ya'ya uku kuwa ba ta da halin yin gaba da asibiti. Akwai daren da zazzaɓi zai rufe ɗaya daga cikinsu, kuma ke za ki goya shi.

Maigidan ya kamata ya sani, yau ba gobe ba. Ya ga kin canza, kuma namiji in bai san dalili ba shi ma nasa yake sakawa, musamman da danginsa suke kai masa ƙara. In baki ya yi nauyi, ki ba shi wasiƙar nan da kika aiko mini ya karanta. Ki roƙe shi ya yi wa Hajiya bayani kafin ki je, sannan ku je tare. Hajiya ta yi kuskure a maganar tawakkali, amma ba ta yi kuskure ba da ta ce ba a gan ki ba, kuma 'yarta ce aka yi wa aiki. Kada ki je da hujja ko da hadisi, surukuwa ba a kayar da ita a muhawara a zauna lafiya. Ki durƙusa ki gaishe ta, ki ce Hajiya na yi laifi, sau biyu ina zuwa ƙofar asibitin ina kasa shiga saboda abin da ya same ni a jinyar Innarmu, a yafe mini. Ko ta karɓa a ranar ko ta ja rai, kin sauke naki. Ki ɗinka wa jaririn 'yan riguna ki tafi da su barka. Ki kuma shirya wa abu ɗaya: ɗakin maijego da wuya a rasa warin Dettol, ana zuba shi a ruwan wanka da na wanki. Shi ya sa nake so ki fara gwajin kwanon nan kwana biyu kafin ki je, ki kuma zauna kusa da ƙofa ko taga.

Maƙwabciyarki ki gode mata. Karanta Falaƙi da Nasi da Ayatul Kursiyyu ki tofa a hannu ki shafa, da azkar na safe da yamma, wannan naki ne, ba sai an kira kowa ba. Amma duk wanda zai zo da bulala ko hayaƙi ya ce zai fitar miki da wani abu, kada ki bari a shigo da shi. Abin da kika bayyana yana da sababin da ke kanki kin gano shi.

Likita kuwa ina so ki gani, ba don hauka ba. Shekara biyu abin bai sassauta ba, ya taɓa sana'arki, ya taɓa 'yarki, ya taɓa zumunci, wannan ya isa dalili. Hukumar Lafiya ta Duniya, a kundin cututtukanta da ya fara aiki a 2022, ta sa baƙin cikin rashi da ya zarce wata shida da tsananinsa har yana hana mutum gudanar da rayuwarsa cikin abubuwan da ake yi wa jinya, ban da larurar da firgici yake bari, wadda aka daɗe da sani. Ko ɗaya daga ciki ne naki, ko babu ko ɗaya, wanda ya zauna da ke ne zai faɗa, ba ni da nake karanta wasiƙa ba. Asibitin koyarwa na Shika yana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, akwai kuma asibitin gwamnatin tarayya da ke Barnawa a Kaduna. In ɗaya daga cikinsu shi ne inda Inna ta kwanta, ki fara da ɗayan. Ki ce kina son a haɗa ki da wanda yake jinya ta hanyar tattaunawa, domin a irin wannan matsalar ita ake fara sawa a gaba. Kada ki sayi maganin barci a kemis da kanki, yana kama jiki kuma ba ya taɓa tushen abin. In kuma barci ya ƙaurace miki kwana da kwanaki, ko abinci ya fita ranki, ko kika fara jin gara ki bi Inna, kada ki jira ranar da ta dace, a ranar za ki gaya wa maigidan ku tafi.

Kafin ranar ganin likitan, ki samu ƙaramin littafi ki yi mako guda kina rubuta duk sanda tunanin ya zo: ƙarfe nawa, me kike yi, me kika ji ko kika shaƙa kafin ya zo, me kika yi bayansa. Ki tafi da littafin ki miƙa masa, zai rage miki dogon bayani a gaban baƙo.